Yadda Za Ka Zaɓi Rigar Nutso a Ruwan Sanyi Idan Robar Wuya Tana Shaƙe Ka

Cikin tambayoyin da masu nutso da tukunyar iska ke aiko mini, babu wadda ta kai wannan yawa: "Ina son shiga ruwan sanyi, an ce sai da busasshiyar riga, amma da na saka sai na ji kamar an kama ni a maƙogwaro. Mene ne mafita?" Wasu har sun haƙura da nutson gaba ɗaya saboda wannan 'yar robar da faɗinta bai kai tafin hannu ba, kuma abin yana damuna, domin mafi yawan lokuta gyaran ba shi da wuya. Wasu kuma sun cije suna shiga ruwa da wuya a shaƙe, su ne ma suka fi tayar mini da hankali.

Riguna iri uku za mu yi ta ambata. Jiƙaƙƙiyar riga, wadda 'yan nutso ke kira wetsut, tana barin ruwa kaɗan ya shiga, jiki ya ɗumama shi. Busasshiyar riga, wato diraisut, tana hana ruwa shiga sam, da taimakon roba a wuya da wuyan hannu da kuma zif na musamman. Sai ta tsaka-tsaki, mai kauri irin na farkon, amma an toshe bakunanta don ruwan da ya shiga kada ya riƙa zagayawa.

Ka tanadi tef ɗin awo irin na tela, dogon almakashi mai kaifi sosai, hoda marar ƙamshi, madubi, da wani mutum da zai zauna kusa da kai lokacin gwaji.

1. Fara da sanin sanyin ruwan

Kafin maganar wuya, ka san ruwan da za ka shiga, domin shi zai nuna ko kana bukatar busasshiyar riga tun farko. Ruwa yana zuƙe zafin jiki fiye da iska wajen sau 25, don haka sanyin da kake jurewa a tudu da 'yar riga zai iya sa ka rawar ɗari cikin minti ashirin a ƙarƙashin ruwa.

A kimance, ruwan da ya haura digiri 24 a ma'aunin Salshiyas, jiƙaƙƙiyar riga mai kaurin milimita 3 ta wadatar. Daga 18 zuwa 24, milimita 5. Daga 10 zuwa 18, milimita 7 ko ta tsaka-tsaki. Ƙasa da digiri 10 kuwa, busasshiyar riga ce hanya. A Silfra, wani wurin nutso da ke ƙasar Aisilan, inda ruwan ke tsayawa tsakanin digiri 2 da 4 duk shekara, ba a ma barin mutum ya yi nutso sai ya nuna shaidar ya iya amfani da ita. Siririn mutum da mai saurin jin sanyi su ƙara mataki ɗaya a kan wannan lissafi.

Hattara: ka tambayi sanyin ruwan a zurfin da za ka kai, kar ka tsaya kan na sama. A tafkuna da yawa, lokacin zafi, saman ruwa yana da ɗumi, amma ka sauka 'yan mitoci sai ka faɗa wani sashe mai sanyin gaske, kamar an ja layi tsakaninsu.

2. Rarrabe matsi na daidai da shaƙa

Wannan matakin ya fi kowanne muhimmanci, shi ya sa zan daɗe a kansa.

Robar wuya dole ta kama fata, in ba haka ba ruwa zai kwarara ciki. Duk wanda bai saba ba zai ji baƙon abu a karon farko, kamar wanda bai taɓa ɗaure maɓallin wuyan riga ba. Wannan jin yana raguwa bayan 'yan mintoci, kuma a cikin ruwa mutane da yawa kan manta da shi. Matsi na daidai yana barinka ka haɗiye yawu, ka yi magana da muryarka ta kullum, ka juya kai hagu da dama, ka kuma zura yatsa tsakanin roba da fata ba tare da kokawa ba.

Shaƙa kuwa daban take. A kowane gefen wuya akwai babbar jijiya mai kai jini ƙwaƙwalwa, ana kiranta karotid. A inda ta rabu biyu, can sama kusa da ƙasan muƙamuƙi, akwai wani ɗan wuri da ke auna ƙarfin bugun jini. Idan roba ta danne shi, sai jiki ya ɗauka jini ne ya hau, ya umarci zuciya ta rage gudu. Daga nan sai jiri, sai duhun gani, wani lokaci har suma. Suma a kan kujera abu ne mai sauƙi. Suma a zurfin mita 20 da abin shaƙar iska a baki yana iya zama ajali. Haka nan jijiyoyin da ke dawo da jini daga kai suna kusa da fata kuma ba su da ƙarfin jure matsi, shi ya sa fuskar mai matsattsiyar roba ke kumbura ta yi ja, kai ya yi nauyi.

Ga yadda za ka gwada. Saka rigar, ko robar kaɗai, ka zauna gaban madubi minti biyar zuwa goma, abokinka yana kallonka. Idan ka ga fuska ta cika, jijiyoyin goshi sun fito, ko ka ji kunne yana bugawa, ciwon kai, jiri, ko murya ta canza, ka sa yatsu ka janye robar daga wuya nan take. Wannan robar ba ta shiga ruwa da kai sai an gyara ta.

Gargaɗi: kar ka yi wannan gwajin kai kaɗai, kuma kar ka yi shi a tsaye. Idan kana da ciwon zuciya, matsalar bugunta, maƙoƙo, ko ka taɓa suma don an matsa maka wuya, ka fara ganin likitan da ya san harkar nutso. Ƙungiyar DAN, mai kula da lafiyar masu nutso, tana taimakawa wajen samun irin waɗannan likitoci.

Akwai kuma wanda wuyansa lafiya lau, robar ma daidai, amma zuciyarsa ce ba ta son komai ya taɓa maƙogwaro, har ya ji kamar zai yi amai. Wannan ba abin kunya ba ne, kuma mataki na 4 da na 7 domin shi ne.

3. Kafin ka ɗora wa roba laifi, duba waɗannan

Sau da yawa robar ba ta da laifi ko kaɗan.

Duba inda ta zauna. Ya kamata ta kwanta ƙasa-ƙasa, ƙarƙashin zakaran wuya, a shimfiɗe, babu ninki. Sababbin shiga kan bar ta can sama inda ta tsaya bayan kai ya fito, daidai wurin da bai kamata a danna ba. Idan bakin ya naɗe kamar igiya, duk ƙarfin robar ya taru a siririn layi ɗaya, sai ka ji kamar an ɗaure ka da zare.

Duba tsawon rigar daga kafaɗa zuwa tsakanin ƙafafu. Idan ta yi maka gajarta, duk lokacin da ka miƙe ko ka ɗaga hannu sai ta ja robar baya, gabanta ya hau maƙogwaro. Ka tsuguna, ka miƙa hannu bayan kai kamar za ka taɓa bawul ɗin tukunyarka. In wuya ya ƙara matsewa, girman rigar ne matsala. Wasu riguna suna da ƙarin tsawo a gangar jiki da ake naɗewa a riƙe da maɗauri, su ne suka fi dacewa da dogayen mutane.

Duba kuma rigar ciki. Kwalarta kan cusa ƙarƙashin roba ta ƙara matsi, ta kuma zama hanyar da ruwa ke bi. Sai hular nutso: hula mai kaurin milimita 7 da ta yi ƙanƙanta tana shaƙewa fiye da robar kanta, mutum kuma ya yi ta zargin riga. Gwada kowanne shi kaɗai kafin ka haɗa su. Masu dogon gashi su ɗaure shi sama su tabbata ko sili ɗaya bai rage ƙarƙashin roba ba.

4. Zaɓi irin robar da wuyanka zai karɓa

Iri uku ne a kasuwa, kuma bambancinsu a wuya babba ne.

Lateks ita ce aka fi sani: baƙa, siririya, mai siffar mazurari, da zobba-zobba a jikinta don a san inda za a yanka. Tana tsare ruwa sosai kuma ita ce mafi araha. Ita ce kuma aka fi kuka da ita, domin ana kawo ta daga masana'anta a matse da gangan, da nufin kowa ya yanka daidai wuyansa. Mutane da yawa da suka ce busasshiyar riga ba tasu ba ce, sabuwar lateks da ba a taɓa ba suka gwada, ko ta haya da aka yanka don wuyan wani. Ba ta da ɗumi, kuma rana, mai, da man shafawa suna cinye ta. Wasu jikinsu ba ya jituwa da ita.

Gargaɗi: idan safar hannu ta roba ko balan-balan ta taɓa sa maka ƙaiƙayi, kumburi ko sarƙewar numfashi, ka nisanci lateks gaba ɗaya.

Silikon ta fi laushi da miƙewa, tana kama fata ba tare da ƙarfi mai yawa ba, kuma ba ta tayar da irin wancan ƙaiƙayin. Rana ma ba ta cin ta kamar lateks. Matsalarta biyu. Gam ba ya kama ta, don haka sai an ɗora wa rigar wani zobe a kafaɗa da ake maƙala ta a ciki, irin tsarin kamfanin SI Tech ko ZipSeal na DUI. Sannan tana saurin yagewa idan farce ya same ta. Amfanin zoben shi ne in ta yage a bakin ruwa, cikin 'yan mintoci za ka sa wata. Amma ka gwada shi da kayan goyon tukunyarka a jiki, domin masu ƙananan kafaɗu wani lokaci sukan ji yana danna su ƙarƙashin maɗauri.

Niyofirin ita ce irin kayan da ake yin jiƙaƙƙiyar riga da shi. Robar wuyanta doguwa ce, ana zura kai sannan a ninka bakin zuwa ciki, gefen mai santsi ya kwanta a fata. Iskar da ke cikin rigar ce ke tura ninkin ya manne. Tana baza matsinta a faffaɗan wuri, tana da ɗumi, kuma ta fi sauran daɗewa. Sai dai zura kai a cikinta yana da ɗan wahala, kuma ga mai siririn wuya ko wanda jijiyoyin wuyansa ke fitowa in ya juya kai, takan ɗan yi yoyo. Da daɗewa kuma tana saki.

Ra'ayina: wanda matsalarsa jin shaƙa ce, ya fara gwada niyofirin, in tana masa yoyo ya koma silikon. Ɗan danshi a ƙirji bayan nutso na awa guda farashi ne da zan biya da murna don in sami numfashi cikin kwanciyar hankali.

Akwai wata kwala mai taushi kamar ƙullu da ake sawa ƙarƙashin roba. Tana maganin gogar fata da yoyo, amma ba ta rage matsi, ƙara shi ma take yi, kuma tana rage wa lateks kwana.

5. Auna, sannan ka gwada kafin ka biya

Auna kewayen wuyanka a inda robar za ta zauna, kai a miƙe, tef ɗin yana taɓa fata ba tare da ja ba. Kowane kamfani yana da jadawalin girmansa, ka bi nasu. Idan akwai wurin da ke ba da haya, ka nemi riga mai niyofirin rana ɗaya, mai silikon wata rana. Kuɗin hayar kwana biyu bai kai asarar sayen rigar da za ta ƙare a rataye ba.

Jikin rigar ma iri biyu ne: mai siririn yadi mai hawa uku, wadda ba ta da ɗumin kanta sai abin da ka sa a ciki, da ta niyofirin mai kauri. Kowacce ana iya sa mata robar wuyan da kake so, don haka kar mai sayarwa ya sa ka ɗauka dole ne ka karɓi wadda ta zo da ita.

6. Buɗa lateks, sannan yanka

Idan lateks ka zaɓa, ko ita ce a kan rigar da ka riga ka mallaka, ka fara da buɗawa. Shafa mata hoda, ka zura ta a kan wani abu mai santsi da ya ɗan fi wuyanka kauri, kamar tukunyar nutso, ka bar ta kwana ɗaya. Ka gwada. Sau da yawa wannan kaɗai yana rage matsin sosai.

In har yanzu tana shaƙewa, sai yanka. Juya robar ciki waje don zobban su fito fili. Ka sa abokinka ya riƙe ta a shimfiɗe, a ɗan miƙe. Ka yanke zobe ɗaya tak, da dogayen yanka masu santsi, kana bin layin. Duba bakin a gaban haske. In ka ga ɗan tsagi ko haƙori, ka gyara shi, domin daga nan take fara yagewa ranar da kake zura kai. Saka, zauna minti goma, maimaita gwajin mataki na 2. In da hali, ka yi nutso ɗaya tsakanin kowane yanka da na gaba. Sannu ba ta hana zuwa, abin da ka yanke kuwa ba ya dawowa.

Kuskuren da aka fi yi shi ne yanke zobba uku lokaci guda don haushi. Lateks tana ƙara saki da amfani, saboda haka wadda ta yi maka daɗi ƙwarai a ranar farko za ta yi yoyo bayan nutso ashirin. Ka tsaya a inda alamun shaƙa suka ɓace amma kana jin kamunta.

Hattara: silikon ana iya yanka ta, amma kwana a kan tukunya ba ya buɗa ta sosai. Niyofirin kuma ana buɗa ta a kan tukunya, amma rage mata tsawo ba ya ƙara mata faɗi. Gyaran girmanta aikin mai gyaran riguna ne. Idan hannunka ba ya tsayawa daidai, ka kai wa malamin nutso ya yanka maka.

7. Saba da ita a tudu, sannan a ruwa marar zurfi

Ka riƙa saka rigar kana zaune, minti goma yau, sha biyar gobe, da mutum kusa. Ka bar zif a buɗe kuma ka zauna a inuwa, domin busasshiyar riga tana dafa mutum a tudu. Lokacin zura kai, ka sa tafukan hannu biyu ka buɗa robar, farce a lanƙwashe, ka tura kai a tafi ɗaya, kada ka tsaya da ita a kan fuska.

Daga nan sai kwas. Ƙungiyoyin horar da masu nutso irin su PADI, SSI da BSAC duk suna koyar da amfani da busasshiyar riga, ana farawa a tafkin koyon iyo. Ba na ba kowa shawarar tsallake shi. Akwai bawul a ƙirji da ake ƙara iska da shi, da wani a damtsen hagu da ke fitar da ita. A zurfin mita 10 matsin ya ninka na sama, iskar da ke cikin rigar ta koma rabi, sai rigar ta manne tana mintsinin jiki. Wanda bai ƙara iska da wuri ba zai ji ƙirji da wuya sun ɗaure, ya rantse robar ce. Ƙara iska kaɗan-kaɗan tun daga mitocin farko.

Gargaɗi: iska mai yawa tana iya gudu zuwa ƙafafu ta juya ka kai ƙasa, ta ja ka sama da gudu. A kwas ake koyon yadda ake juyowa. Kuma idan jiri ya kama ka a ƙarƙashin ruwa, ka yi wa abokin nutsonka alama, ku hau a hankali tare. Da muguwar rawa gwamma ƙin tashi.

8. Idan wuyan ya ƙi duka ukun

Akwai waɗanda za su bi duk matakan nan amma abin ya ƙi. Ga su, rigar tsaka-tsaki mai milimita 7 ko 8 mai haɗe da hula ita ce mafi kusa, domin hular ce ke tare ruwa a kewayen fuska, wuya ya sami sarari. Wasu suna da kwala mai maƙalli na Velcro da kai za ka daidaita. Wata hanyar ita ce jiƙaƙƙiyar riga mai kashi biyu, wando mai hawa har ƙirji da taguwa a kai, kowanne milimita 7, wanda ke ba gangar jiki milimita 14.

Ka san iyakarsu. Niyofirin cike take da ƙananan kumfan iska, zurfi yana matse su, don haka rigar da ke da ɗumi a mita 5 ta zama siririya a mita 30. Tana kuma bukatar darma mai yawa don ka nutse, sannan a ƙasa ka yi nauyi. Nutso na biyu a rana kullum ya fi na farko sanyi, musamman in ka zauna a jirgi da jiƙaƙƙiyar riga iska tana kaɗa ka; ka tuɓe ta ko ka rufa da babbar riga mai tare iska. Da wannan tsarin, ka rage zurfi da tsawon lokaci, ka bar ruwan da bai kai digiri 10 ba.

Hattara: rawar ɗari da ba ta tsayawa, ko yatsu su kasa matsa maɓalli, alama ce ta a fita yanzu. Hula mai manne wa kunne kuma tana iya ji wa dodon kunne ciwo yayin sauka; ka ɗan ja gefenta ruwa ya shiga.

9. Lissafin kuɗi da kula da roba

Busasshiyar riga ta ninka jiƙaƙƙiya tsada sau da yawa, kuma ba ita kaɗai za ka saya ba. Akwai rigar ciki ta Thinsulate, wani yadi mai riƙe ɗumi, ko ta ulu, banda auduga, wadda in ta sha gumi sai ta zama sanyi. Akwai tiyon iska, ƙarin darma, hula, safar hannu da kuɗin kwas. Canza robar wuya ɗan ƙaramin kaso ne na kuɗin rigar, shi ya sa nake jin takaici in na ga mutum ya sayar da riga mai kyau da asara don roba kawai. Sa zoben silikon yana cin kuɗi sau ɗaya, bayan nan canji ya zama aikin hannunka. In ta hannu za ka saya, ka ɗauka robar wuyan sai an canza, ka mai da hankali kan zif, wanda shi ne mafi tsadar gyara.

Bayan kowane nutso, ka wanke robar da ruwan daɗi da ɗan sabulu marar ƙarfi don cire maiƙon fata, ka shanya a inuwa, ka barbaɗa hoda kafin ajiya. Basilin, turare da man kariyar rana kada su kusanci lateks. Ka ajiye rigar nesa da injina masu amfani da lantarki, domin iskar ozon da suke fitarwa tana tsattsaga roba. Kafin kowace tafiya, ka ɗan ja bakin robar a gaban haske. In ka ga ƙananan tsage-tsage, ko ta fara danƙo tana manne wa yatsa, ka canza ta tun kana da lokacin buɗawa da yanka sabuwar zobe ɗaya-ɗaya.